Yadda za ka zaɓi yawon buɗe ido mai ƴan mutane kaɗan da abinci mai daɗi, daga Yamai ko Tawa

Da zaran iskar ɗari ta fara kaɗawa a Yamai sai ka ga tallace-tallace sun cika grup-grup na WhatsApp, wannan ya ce hita zuwa Kure ganin raƙuman dawa, wancan ya ce yawon kwalekwale bisa kogin Isa har Bubon, mota da abinci da gid, wato ɗan rakiya mai yi muku bayani, duka a cikin kuɗɗin. Ni ɗan Tawa ne amma aiki ya zaunar da ni Yamai shekaru da dama, kuma ina son irin wannan hita ƙwarai, shi ya sa abokai da dangi ke yawan tura mini hoton talla su ce in duba musu. Kullum amsata guda ce, kahin ka tura ko dala ka tambayi abu biyu, mu nawa ne cikin motar, kuma wa zai dafa abin da za mu ci. In mai shirya tahiyar ya amsa waɗannan biyu ba tare da kame-kame ba, to sauran abubuwan galibi za su tahi daidai.

Dalilin da ya sa na kafe kan haka, na taɓa shiga wata hita zuwa Kure da wata ajans ta shirya, an ce mana mutum goma sha biyu ne, da munka zo wurin tashi sai ga bis babba cike maƙil har da kujerun tsakiya, an haɗa mu da wani grup da ba mu sani ba. An ce ƙarhe shida za a tashi, ba mu bar gari ba sai tara saura don ana jiran wasu. Lokacin da munka isa rana ta take, dabbobin sun shige nesa cikin itace, bis kuma ba ta iya barin hanya ta shiga yashi. Gid guda ne ga mu duka, wanda ke gaba ya ji bayani, mu na baya sai ƙura. Da azahar anka buɗe wata babbar kula ta shinkafa da anka dafa tun asuba, tana buɗewa warin tsami ya tashi, man ya kwanta a sama, naman kuma yanka bakwai ko takwas ne ga mutum sama da talatin. Akwai wata dattijuwa kusa da ni da ta zo da jikokinta biyu, ta ɗauki cokali ta shinshina ta aje, ta ce ma yaran ku haƙura sai mun koma gida, ta ciro ƴan biskit daga jakarta ta raba musu. Har yau in na tuna huskar yaran nan raina yana ɓaci, don kuɗɗinta ta biya cikakku kamar kowa.

To bari in bi da ku yadda nake yi yanzu, daki-daki.

Mataki na farko shi ne ka san inda za ka da kuma ko hanyar tana biyuwa a wannan lokacin. Maganar tsaro ba a wasa da ita, a Kure ɗin nan ranar 9 ga Agusta 2020 anka kashe mutum 8, shida ƴan Faransa ma'aikatan agaji da ƴan Nijar biyu, direba da gid, Allah ya jiƙan waɗanda sunka riga mu. Gandun dajin W da ke cikin jerin wuraren gado na duniya na hukumar UNESCO tun 1996, da Ayoru mai kasuwar Lahadi da dorinai, wurare ne da a da ake tururuwa, yanzu kuwa ba wurin da za ka kwashi iyali ka nufa ba ne don kawai ka ga talla mai kyau. Saboda haka tambayi mai shirya tahiyar kai tsaye, yaushe rabonka da bin hanyar nan, kuma hukuma ta san da hitar? Kada ka tsaya ga bakinsa shi kaɗai, nemi wani ɗan garin ko direban da ke bin hanyar kullum ka ji ta bakinsa, su ne sunka hi kowa sanin halin da ake ciki a wannan satin. In akwai baƙo ɗan wata ƙasa cikinku to maganar takardu da izini a gama ta tun kahin ranar, kada sai an zo shingen jandarma a fara waya. Kai ma kartidantite ɗinka ta kasance cikin aljihu.

Lokaci ma yana cikin wannan matakin. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu shi ne lokacin yawo a ƙasar nan, sanyi da sahe, rana ba ta cika cizo ba. Afrilu da Mayu kuwa zahi yana wuce digiri 40 kusan kullum, yara da dattawa ba sa jurewa, abinci ma saurin lalacewa yake. Da damina daji ya yi kore shar gwanin kyau amma hanyoyin laterit da ƙoramu suna iya tsare mota. Su raƙuman dawan ma ba wuri guda suke zama ba, da damina suna bisa tudun Kure, da rani sai su gangara kwarin Dallol Boso wajen Harikanasu inda itacen gawo ke riƙe da ganyensa lokacin da sauran itace sunka bushe. Wanda ya ce maka kullum a wuri kaza ake ganinsu, bai san aikin ba. Kogin Isa shi kuma a Yamai yana cika wajen Disamba da Janairu, lokacin kwalekwale yana tahiya sumul, zuwa Mayu ruwa ya janye sai tsibiran yashi.

Mataki na biyu, ƙidayar kawuna. Kada ka tambaya mutum nawa sunka yi rajista, don amsar za ta canza gobe, tambayi iyaka, wato in an kai mutum nawa za ka ruhe lis. Sa'annan ka tambayi wace irin mota ce kuma guda nawa. Ga nawa ra'ayin, daji kamar Kure katkat, wato motar da ke iya shiga yashi, guda mai mutum biyar ko shida, in ya yi yawa biyu, kowace mota da gid ɗinta. Dalili a bayyane yake, raƙumin dawa dabba ce mai natsuwa, in kunka sauka ku biyar kuna tahiya sannu ba hayaniya za ta bari ku matso har ku ji ƙarar ganyen da take tsinka da harshe, amma mutum talatin kowa na ɗaga waya yana kiran ɗan uwansa, sai dai ku ga bayanta tana tahiya. Kuma ku tuna waɗannan su ne na ƙarshe irinsu a Afirka ta Yamma, a tsakiyar shekarun 1990 ba su wuce kamar 50 ba, da ƙoƙarin mutanen karkarar da masu kula da su ne sunka haura 600, har a 2018 anka ɗibi 8 anka kai Gadabeji cikin jihar Maraɗi. Dabbar da anka sha wahala haka kanta bai kamata a riƙa korarta da taron biki ba.

Akwai wata tambaya da mutane ke mantawa, za a haɗa mu da wani grup a hanya? Nan ne ake yawan cin amanar mutane, a ce maka ku takwas ne, kuma gaskiya ku takwas ne a lis ɗinsa, amma ya yi magana da wasu masu shirya tahiya biyu sun haɗa kai sun ɗauki bis guda don rage kuɗɗin mai. Ka sa ya rubuta maka a saƙo, mutum kaza, mota kaza, ba haɗi. Wanda ke da niyyar cikawa ba ya jin nauyin rubutawa.

Kwalekwale kuwa maganar yawan mutane ta wuce jin daɗi, maganar rai ce. Tambayi mutum nawa jirgin ke ɗauka, akwai rigar ceto ga kowa har yara, akwai rumfa saboda rana. Tsakanin Yamai da Bubon akwai dorinai, kuma matuƙi na ƙwarai daga nesa yake tsayar da ku ku kalla, in kunka ji ana cewa a matsa kusa don hoto ya yi kyau ku ce a'a da babbar murya, dorina mai ɗa ba ta da wasa.

Mataki na ukku gajere ne, zaɓen rana da sa'a. Asabar da Lahadi da kwanakin hutun lakwal da satin bayan salla su ne kowa ke hita, in aikinka ya bari ɗauki Talata ko Alhamis. Sai dai wurin da kasuwa ce abin kallon, kamar Bubon da ke ci ranar Laraba ko Baleyara ranar Lahadi, nan ba ka da zaɓi sai ranar, dabarar ita ce sammako, ku isa lokacin da mata ke jera tukwanen ƙasa, ku gama zagayenku kahin rana ta yi tsaka kasuwa ta cika. Kure daga Yamai kamar kilomita 60 ne bisa gudron Doso, in kunka tashi bayan sallar asuba kuna can kahin takwas, dabbobi na kiwo, haske mai kyau, ku ne na farko.

Yanzu ga inda nake son mu daɗe, mataki na huɗu, abinci. In ka ga an rubuta abinci yana ciki, wannan ba amsa ba ce, sandiwic na sardin da mayones da ya kwana cikin leda shi ma abinci ne. Tambayoyin da nake yi su ne, mi za mu ci, wa zai dafa, ina za a dafa, ƙarhe nawa za a sauke, ƙarhe nawa za mu ci. Tsakanin saukewa da ci in ya wuce awa ukku ko huɗu cikin zahin ƙasar nan, musamman shinkafa da miya mai nama ko wani abu mai ƙwai da mayones, ni ba na yarda. Kula tana riƙe ɗumi ne kawai, ba ta hana abinci juyawa, shinkafar da ta yi rabin yini da ɗumi-ɗumi ita ce ke kwantar da mutane da ciwon ciki washegari su ce ruwan ƙauye ne, alhali daga gari anka zo da matsalar.

Tsari ukku na gani suna aiki. Na ɗaya, kuma shi na hi so, a yi magana da wata mata a garin da za ku tun kwana biyu kahin ranar, a tura mata kuɗɗin cehane, ta dafa a gidanta ku zo ku ci da zahinsa. Na biyu, ku tahi da mai dahuwa da kayan miya ɗanye da gawayi, a hura wuta a can yayin da kuke yawo. Na ukku, a tsaya wurin mai gashi ko mai abinci da gid ya sani kuma shi kansa yake ci a wurin, a gaya masa tun da sahe mutum kaza na zuwa ƙarhe kaza. Duk ukkun nan ba sa yiwuwa da mutum talatin, kun ga inda maganar yawan mutane da maganar abinci sunka haɗu, tukunyar mutum shida ita ce mace guda ke iya tsayawa kanta ta ɗanɗana gishiri, ta mutum talatin sai dai a cika ruwa da magi.

Bari in ba ku labarin wadda ta yi mini daɗi don ku ga abin da nake nuhi. Mu shida ne, mun shiga jirgi da sahe munka haura kogi, gid ɗin ya riga ya yi magana da wata inna Bazabarma a wani ƙauye bakin ruwa. A hanya ya sa matuƙi ya raɓa kusa da wani masunci da ke janye taru, ya ɗaga giwan ruwa guda ya buɗe mana kunnen kihin munka ga ja wur, ido garau bai dushe ba, ya danna tsokar da yatsa ta dawo, sa'annan anka yi ciniki a gabanmu. Da munka isa munka ce fofo, ta shimhiɗa mana tabarma ƙarƙashin mangwaro, ta kawo ruwa a buta munka wanke hannu. Dambu ta yi, tana buɗe madambaci tururi ya tashi da ƙamshin zogale, ta juye a babban tire ta yanka albasa ɗanya a kai, ta barbaɗa ƙuli da yaji ta zuba mai, gehe guda ga kwaɗon zogale wanda su ke ce ma kopto. Kihin kuma ɗanta ya tsaga shi ya shafa gishiri da tattasai da lemun tsami ya ɗora bisa garwashi muna kallo. Wani abokina ya ce inna, a ƙara mana yaji in akwai, ta ce ɗana ci sannu, wanga yajin ba irin na birni ba ne, kuma gaskiyarta. Bayan nan gid ya ɗora shayi, munka sha har kohi na ukku muna kallon shanu na ƙetare ruwa. Kuɗɗin abincin nan kai tsaye hannun matar ya shiga, wannan ma wani abu ne da ke sa in zaɓi irin wanga tsari.

In kana son ka gane ko mai shirya tahiya ya damu da abinci, ce masa ya gaya maka abin da garin ya shahara da shi. Wanda ya sani zai fara lissahi da kansa, bakin kogi kihi da dambu, hanyar Doso zabbi da balangu, Madawa kilishi, Galmi albasa, wajen Abalak cuku da nono, Agadas dabino da tagela, burodin nan da Buzaye ke gasawa cikin yashi da toka. Wanda bai sani ba zai ce maka kada ka damu akwai shinkafa da kaza da jus. Ba laihi ba ne shinkafa da kaza, amma in ita za ka ci mi ya hitar da kai daga gida?

Kada ka ji kunyar faɗin lalurarka tun da wuri. Mai ciwon suga, mai hawan jini da likita ya hana gishiri, mai olsa da ba ya son yaji, yaron da gyaɗa ba ta karɓe shi ba, wannan na ƙarshen a kula ƙwarai don ƙuli da man gyaɗa suna cikin kusan komi namu. Mai dafa tukunya ƙarama tana iya ɗibar ma mutum guda nasa kahin ta zuba yaji. Ruwan sha kuma tambayi lita nawa anka tanada ma kowa, ni ba na yarda da ƙasa da lita ukku ga mutum a yini guda, kuma duk da haka ina riƙe bidona. Ƙanƙara ma tambayi daga ina take in za a jefa ta cikin bisap ko lemun hari, in ba a sani ba a sanyaya kwalaben daga waje kawai. Hura da nono akwai daɗi a ƙauye ba kama hannun yaro, amma a dama da ruwan da kunka zo da shi, kuma ga ƙananan yara nonon da anka dafa ya hi kwanciyar hankali.

Mataki na biyar, gwada gid ɗin kansa. Sau da yawa wanda ke amsa waya ba shi ne zai raka ku ba, don haka nemi lambar wanda zai shiga mota da ku, kira shi minti biyar. Ina kwana malam, ni ne cikin masu zuwa ranar kaza, ina dabbobin suke a satin nan? Daga yadda ya amsa za ka san ko ɗan wurin ne. A Kure akwai ƙungiyar gid-gid ƴan yankin, su ne ke shiga mota su kai ku, za ka ga mutum ya hau bisa ruhin katkat ko ya ɗare itace yana hangen nesa, ya sauko ya duba sawu a yashi ya tambayi wani manomi da Zabarmanci, minti kaɗan sai ga wuya dogo ya ɓullo bayan gawo. Irin wannan sanin ba a koyonsa a biro. Tambayi kuma wane harshe zai yi bayani da shi, in da dattawa cikinku da ba sa jin Faransanci a samo mai Hausa ko Zabarmanci, kada a bar iyayenmu suna gyaɗa kai kawai. Sa'annan nemi lambar mutum guda ko biyu da sunka bi shi kwanan nan, hotunan Facebook ba sa gaya maka ƙarhe nawa anka ci abinci, wanda ya je shi ke gaya maka.

Mataki na shida, kuɗɗi. Ƙaramin grup ya hi tsada ga kowane kai, wannan gaskiya ce kuma lissahi ne mai sauƙi, a misali in hayar mota da mai sun tashi jaka sittin, ku shida kowa jaka goma, in ku ashirin ne cikin bis ba zai kai haka ba. Abin da nake ba mutane shawara shi ne su haɗa nasu grup da kansu, gida biyu ko abokan aiki shida, sa'annan su je ma mai shirya tahiya su ce ga mu, mun cika mota, ba mu son ƙari. Ta haka kun san juna, kun san wanda ke makara, kuma kuna da bakin ciniki. A rubuta abin da ke cikin kuɗɗin ɗaya bayan ɗaya, mota, mai, kuɗɗin shiga, hakkin gid, jirgi, abincin sahe da na rana, ruwa. Kada ka biya duka tun farko, ba da abans rabi ko ƙasa da haka, in ta Nita ko Amana ka tura ka adana rasi, sauran sai ranar tahiya bayan ka ga motar da idonka ka ƙirga kujeru. A yi maganar fasawa ma, in hanya ta ɓaci ko hukuma ta hana, nawa za a maido. Farashin da ya yi araha hiye da kima kuwa ka san wani wuri za a cike giɓin, kuma wuraren biyu ne kullum, a ƙara mutane ko a rage tukunya.

Mutanen Tawa kada ku ce wannan duk zancen ƴan Yamai ne, mu ma muna da wuraren yini guda. Tabalak tana kamar kilomita 50 bisa hanyar Agadas, tabki ne babba mai tsuntsaye da masunta da lambuna a gehe, in kunka je da sahe ku sayi kihi hannun masu hitowa daga ruwa a soya ko a gasa muku nan take, ba ka buƙatar kula daga gida. Akwai masallacin Yama na ƙasa wanda magini Falke Barmu ya fara a 1962, ya samu kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986, mutane daga nesa sun san shi amma da yawa cikinmu ƴan Adar ba mu taɓa zuwa ba, kuma wuri ne da ya kamata a je mutum kaɗan, a gaida dattawan gari a nemi izini, a cire takalmi, a kauce ma lokacin salla in kallo ya kawo ka. In ta Galmi da Madawa kunka bi lokacin albasa, ku tsaya wurin mai kilishi ku ce a ba ku wanda anka gasa yau, ku karya ku gani, mai kyau yana karyewa da ɗan taushi ba ya warin tsohon mai. Nan ma dai tambayar hanya tana nan, musamman duk abin da ya yi arewa ko yamma da Tawa, a tambayi masu bin ta kahin a ɗaura niyya.

Doguwar tahiya irin ta Agadas, tsohon garin da ya shiga jerin UNESCO a 2013 da hasumiyar masallacinsa ta ƙasa mai tsawon mita 27, ko bikin makiyaya na Kur Sale a Ingal a watan Satumba, ita kwana da kwanaki ce, kuma a nan mai dahuwa ya zama kamar direba wajen muhimmanci. Tambayi ko akwai kuku cikin ayarin, ina za a riƙa sayen nama da kayan miya a hanya, buhun ruwa nawa. Lokacin biki gari cike yake ba makawa, abin da za ka iya zaɓa shi ne yawan waɗanda za ku kwana ku ci tare da su.

Na ƙarshe, ranar tahiya. Zo da wuri, duba tayoyi da tayar sakur, tambayi direba ko ya sha mai tun jiya don kada a ɓata awa guda a layin stasiyo. Ƙirga mutane, in sun wuce abin da anka rubuta ka yi magana nan take cikin ladabi kahin ka cika sauran kuɗɗin, bayan mota ta tashi ba ka da abin cewa. Sa gid ya kira mai abinci a gabanka ya tabbatar mata da adadinku da sa'ar isowa. A jakarka a samu hula ko rawani, sabulu ɗan ƙarami, gishirin zawo na ORS, dabino ko gyaɗa saboda yara, da leda babba ta kwashe shara don kada ku bar ma mutanen ƙauye robobi a gonakinsu. Ka riƙe canji ƙanana, za ka so sayen tukunya ko tabarma, kuma in matar da ta dafa muku ta kyauta, ka sa mata wani abu a hannu ban da wanda anka yi ciniki, ka karɓi lambarta ko ta ɗanta. Innar nan ta bakin kogi lambar ɗanta na cikin wayata, in za mu je ina kiransa tun ranar Litinin in ce mu shida ne ranar Alhamis, ya gaya mata ta tsinko zogale.